Haɗa sifikun hi-fi a gida da hannunka: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Tun ranar da wasu abokai suka zo ɗakina suka ji sifikun da na haɗa tambayoyi basu ƙare ba, wani a waya wani a majalisa, kuma kusan abu ɗaya ake ta tambaya. Shi ne nace bari in tara su waje ɗaya in huta da maimaici. Ni ba injiniya bane fa, sha'awa ce kawai ta ja ni, na ɓata katako na ƙona tiwita kafin na ɗan gane hanya. Maganar tawa akan ƙananan sifiku biyu ce na cikin ɗaki, hagu da dama, kowacce da ufa (babbar da ke bada bes da murya) mai inci 6.5 da tiwita (ƙaramar da ke bada siririn sauti) mai inci 1.

Wai menene hi-fi ɗin ma? Ba irin akwatin masu DJ bane?

A'a, ko kusa. Akwatin DJ da na majalisi an yi su ne don ƙara, sauti ya cika fili ya tsallaka layi na uku, ko muryar ta ɗan fashe ba wanda ya damu. Hi-fi kuma nufinsa sauti ya fito yadda aka ɗauke shi, ba ƙari ba ragi. In kalangu ne ka ji kalangu har da jan tsirkiya, in mai karatu ne ka ji inda ya ja numfashi, in ka rufe ido ka iya nuna inda mawaƙi yake tsaye tsakanin sifikun biyu duk da babu komai a wurin sai bango. Kunnen ɗan adam mai lafiya yana ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz, wato yawan kaɗawar iska a daƙiƙa ɗaya, ƙasa shi ne bes sama shi ne siririn sauti, to aikin sifika mai kyau ta bi wannan zangon daidai wa daida kar ta kumbura wani wuri ta danne wani. In burinka maƙwabta su san ka sayi sabon kaya ne, wannan hanyar ba taka bace.

Ba gara in saya kawai ba? Zai fi arha ne in na haɗa?

Gaskiya ba lallai ya fi arha ba, musamman na farko. In ka lissafa katako, kuɗin kafinta, gam, fenti, kuɗin kawo kaya daga waje da yadda dala take, zaka iya samun tsohuwar sifika ta hannu mai kyau a ƙasa da haka. Inda riba take shi ne in ka ɗan hau sama, don sifikun kanti masu tsada yawancin kuɗin nasu na akwati ne da dako da ribar dillalai, kai kuwa kuɗinka kusan duka kan ufa da tiwita da kurosoba (allon da ke raba musu sauti) zai tafi. Sannan ko ta lalace kai ka san cikinta.

Me yasa sai an yi akwati? Na jona ufa tsirara kuma tana magana.

Tana magana amma ka saurara da kyau, bes ɗin babu. Dalili kuwa, lokacin da takardar ufa ta turo iska gaba, a daidai lokacin bayanta yana janye iska, to iskar gaban sai ta zagaya ta gefe ta cike gurbin baya, su kashe juna. Sauti yana gudun wajen mita 343 a daƙiƙa, kenan tsawon igiyar sauti ta 50 Hz ya kusa mita 7, ufa mai faɗin tafin hannu ba abin da zata iya tare wa. Akwati shi ne katangar da ke raba gaba da baya. Ita kanta ufar, koyil a cikin maganaɗisu yana tura takarda, fasalin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka fitar ne a 1925 kuma har yau shi ake bi, abin da aka yi ta fama da shi bayan nan yawanci maganar akwati ce da yadda za a raba sauti. Shi yasa nake cewa mutane akwatin ba kwalliya bane, rabin sifikar ne.

Rufaffen akwati zan yi ko mai bututu?

Rufaffe shi ne wanda ba ƙofar iska ko ɗaya, iskar ciki ita ke zama kamar sifirin tana riƙe takardar. Wani Ba'amurke Edgar Villchur ne ya shahara da shi a 1954 da sifikarsa AR-1, ya nuna ƙaramin akwati ma zai iya bada bes mai zurfi. Daɗinsa yana yafe kuskure, ko ka kauce da lita ɗaya ko biyu ba wani tashin hankali, bes ɗinsa a tsuke yake kuma yana sauka a hankali.

Mai bututu kuma, wanda zaka ga rami zagayayye a gaba ko baya, ya ma fi tsufa, Albert Thuras na Bell Labs ya samu rajistarsa a 1932. Yana aiki kamar yadda in ka hura bakin kwalba take bada murya ɗaya, iskar cikin bututun da ta cikin akwatin suna kaɗawa tare a wani wuri da ka zaɓa, sai su taimaki ufar a ƙasan bes. Zaka samu bes mai zurfi da ƙarfi, amma in ka yi kuskuren tsawon bututu sai ka ji wani gum gum iri ɗaya a kowace waƙa, sannan ƙasa da inda aka saita bututun ufar ba ta da mariƙi, zaka ga takarda tana rawa sosai ba sauti. Ni shawarata na farko ayi rufaffe, sai dai in tsarin da kake bi ya ce bututu.

To yaya zan san girman akwatin?

Nan ne mutane suke cewa kafinta "yi min dai babba", kuma nan ake ɓata komai. Kowace ufa tana da lambobinta da ake kira Thiele/Small, sunan mutum biyu ne, Neville Thiele ɗan Ostireliya da ya rubuta lissafin a 1961, da Richard Small da ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970 a Jami'ar Sidni. Uku ne zaka fi buƙata. Fs shi ne inda ufar take kaɗawa da kanta in tana tsirara. Qts yana nuna yadda take iya tsayar da kanta bayan an buga ta. Vas kuma laushinta ne, an auna shi da litar iska.

Abin da aka saba bi, Qts ƙasa da 0.4 tafi son bututu, tsakanin 0.4 da 0.7 rufaffe, in ta haura 0.7 sai dai ƙaton akwati ko allo buɗaɗɗe. Ba doka bace amma tana kama hanya.

Misali a ce ufarka Fs 45, Qts 0.4, Vas lita 20, kana son rufaffe. Ana neman Q na akwati, wato Qts ɗin ufar bayan ta shiga akwati, ya zama wajen 0.707. Raba 0.707 da 0.4, ka samu 1.77, ninka shi da kansa 3.13, cire 1 saura 2.13, raba 20 da shi, lita 9.4 kenan. Bes ɗin zai fara sauka a wajen 80 Hz, wato 45 sau 1.77. Kaga ƙaramin akwati ne ma ya dace da ita. In kuma baka son biro da takarda akwai manhajar WinISD kyauta a kwamfuta, ka zuba lambobin ta zana maka.

Lita kuma awon CIKI ne, faɗi sau tsawo sau zurfi da santimita ka raba da 1000. Ciki mai 18 da 32 da 26 ya kusa lita 15. Ka ɗan ƙara kaɗan saboda wurin da maganaɗisu da tokara da bututu zasu cinye.

Bututun fa, wane iri kuma tsawon nawa?

Fayif ɗin roba na 'yan famfo ya wadatar. A akwati mai lita 15 in kana so ka saita shi a 50 Hz da fayif mai faɗin santimita 5 a ciki, tsawon zai kama wajen santimita 12. In ka ƙara tsawo saitin ya sauka, in ka rage ya hau, in ka ƙara faɗi dole tsawon ma ya ƙaru. Kar ka matse shi da yawa don gudun tsawo, siririn bututu yana huci fuf fuf in bes ya yi ƙarfi. Ka goge bakinsa da samfefa ya yi santsi, kuma ka bar sarari tsakanin ƙarshensa da bangon ciki aƙalla kamar faɗinsa.

Dabarar da nake gwada saitin da ita ba sai da na'ura ba. Kwantar da sifikar ta baya ufa na kallon sama, amma kar ka toshe bututun, zuba ƙwayoyin shinkafa kaɗan a kan takardar, ka sa manhajar waya mai fitar da sauti ɗaya ka riƙa saukowa daga 80 a hankali. Inda shinkafar ta fi yin tsit alhali bututun na hura iska sosai, nan ne saitinka.

Ni fa lissafi baya shiga kaina, ba wata gajeriyar hanya?

Akwai, kuma ita ma nafi baka shawara ko da lissafin na shiga. Ka ɗauki tsarin da wani ya riga ya auna ya gwada ka bi shi sak. Akwai Overnight Sensations na Paul Carmody, ƙaramar sifika mai ufa inci 4 da mutane da yawa suka fara koyo da ita, akwai C-Note da Parts Express na Amurka suke sayar da kayanta a tare kai ka haɗa, akwai kuma tsare-tsaren Troels Gravesen ɗan Denmak ga wanda aljihunsa ya ɗan yi nauyi. Amma sak ɗin nake nufi, faɗin fuskar akwati, tazarar ufa da tiwita, kowace kafasita. In ka canza ufar da wata don "ai duk inci ɗaya ne" to ka fita daga tsarin, ka koma canke.

A ina ake samun ufa da tiwita masu kyau?

Waɗanda suke buga lambobinsu na gaskiya su ne irin Dayton Audio na Amurka, SB Acoustics da ake yi a Indonesiya, Visaton na Jamus, SEAS na Norwe, Scan-Speak na Denmak, na ƙarshen nan biyu akwai tsada. Yawanci sai dai oda ko ka haɗa da wani mai dawowa. A kasuwanninmu irin Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas sifiku kam gasu nan jibge, sai dai mafi yawa na filin taro ne da na mota. Ka'idata ɗaya ce, duk ufar da aka rubuta mata wat dubu kaza a kwali amma ba Fs ba Qts ba Vas, ajiye ta. Kuma ka duba zoben da ya zagaye takardar, na roba yafi na soso daɗewa, na soso da shekaru sai ya ruɓe ya riƙa marmashewa a hannu.

Ina da tsofaffin sifiku na rediyo da na mota, zasu yi?

Don koyo zasu yi mana, da su nima na fara. Matsalar baka san lambobinsu ba, sai ka auna. Akwai 'yar na'ura DATS ta Dayton da ake jonawa a kwamfuta, ko manhajar REW da rezisto ɗaya in kana da haƙuri. Na mota yawanci om 4 ne (om shi ne awon yadda sifika ke tare wutar da ake tura mata) kuma Qts ɗinsu a sama yake don an yi su ne su zauna a ƙofar mota, in ka cusa su ƙaramin akwati sai bes ya kumbura wuri ɗaya. Kuma don Allah biyun su zama iri ɗaya, kar hagu ta zama ta wata rediyo dama ta wata.

Wane katako?

MDF mai kauri milimita 18 ko filawud mai kyau mai kaurin haka. Falle ɗaya mai ƙafa 4 da 8 ya ishi ƙananan akwatuna biyu har da saura. MDF yana yankuwa sumul, ba shi da rami a ciki kuma baya ƙara, amma maƙiyinsa ruwa ne, in damina ta shigo ko mai mofin ta jiƙa gindinsa sai ya kumbura kamar burodi kuma baya komawa. Filawud yafi jure danshi da riƙe sukuru, sai dai ka duba gefensa a wajen 'yan katako, in kaga ramuka tsakanin fallayen bar shi, waɗannan ramukan ne ke zuzz daga baya ka rasa daga ina. Katakon icce zalla kuma yana motsi da yanayi, ya sha danshi da damina ya tsage da hunturu, iska ta samu hanya.

Wani abin sha'awa, shahararriyar ƙaramar sifikar nan LS3/5a da injiniyoyin BBC suka tsara a tsakiyar shekarun 1970 don sauraro a cikin motocin ɗaukar shiri, da siririn filawud aka yi ta aka manna mata abu mai nauyi a ciki don ya kashe rawar bangon. Kenan kauri kaɗai ba shi ne magana ba, bangon dai kar ya yi waƙa tare da ufar.

In ana yankan MDF a sa takunkumi, ƙurarsa laushi gareta kamar fulawa kuma akwai sinadarin gam a ciki.

Me zan gaya wa kafinta?

Kar ka gaya masa, rubuta masa. Kowane falle da awonsa da milimita. Ni akwatina na farko na ce wa kafinta 18 da 32 da 26 ina nufin ciki, shi kuma bawan Allah ya yi min su a matsayin awon waje, da aka cire kaurin katako ta kowane gefe lita 15 ta koma ƙasa da 10, kuma laifina ne don ban fayyace ba. Ka tafi da ufar da tiwitar a hannu a auna ramin a jikinsu. Tiwita a fafe mata gurbi fuskarta ta yi daidai da fuskar katako kar ta yi tudu, in da injin rawuta a ɗan zagaye kaifin gefunan gaba, don sauti yana karo da kaifin ya dawo. Sannan ka tsaya a kansa lokacin haɗawa, don shi a saninsa akwati in ya tsaya da ƙafarsa ya yi kyau to an gama, maganar kar iska ta fita ba a aikin kabad take ba.

Gam ko ƙusa?

Farin gam na kafintoci, a shafa wadatacce a matse har ya tsatso. Shi ke riƙewa kuma shi ke toshe iska, sukuru ko ƙusa na taya shi ne kawai kafin ya bushe. In zaka ɗaura sukuru a gefen MDF fara huda ƙaramin rami in ba haka ba ya tsage. Ka sa tokara aƙalla ɗaya a ciki da zata haɗa bangon hagu da na dama, ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa kafin da bayan, zaka ji ƙarar ta tashi daga kwam zuwa tak. A bi duk kusurwoyin ciki da gam ko silikon, a barshi ya bushe sarai kafin a ɗaura ufa. Ƙarƙashin bakin ufar a sa siririn soso ya zama gasket, ramin da waya ta fita ma a toshe.

Gwajin rufaffe, danna takardar a hankali da yatsu a baje ka saki. In ta dawo a sannu akwatin ya toshu, in ta yi tsalle ta dawo nan take akwai inda yake yoyo.

Audugar da ake cusawa ciki fa, dole ce?

Eh. In babu sautin baya zai yi ta karo da bango ya dawo ta cikin takardar, murya ta zama kamar daga cikin randa. Faibar da ake cika filo da ita ta yi. Rufaffe a cika shi sakwa-sakwa ba a danna ba, hakan ma yana sa ufar ta ga kamar akwatin ya ɗan ƙara girma. Mai bututu kuma bango kawai za a lulluɓe, a bar hanya tsakanin ufa da bakin bututu.

Kurosoba ɗin nan, ba kafasita ɗaya ake sa wa tiwita ba shikenan?

To nan ne ainihin inda ake raba sifika da akwatin hayaniya, kuma nan nafi shan wahala. Aikin kurosoba ta raba sauti, ƙasa ya tafi ufa sama ya tafi tiwita. Kafasita tana hana bes wucewa, koyil yana hana siririn sauti wucewa. Mafi sauƙi shi ne kafasita ɗaya a layin tiwita koyil ɗaya a layin ufa, a takarda in duka om 8 ne kana so ka raba a 3000 Hz zai baka kafasita mai wajen 6.6 µF da koyil mai 0.42 mH. A takarda fa nace.

A zahiri om 8 ɗin nan suna ne kawai, yana hawa yana sauka gwargwadon sautin, a wajen Fs ya yi tsalle sama, a can sama ma koyil ɗin ufar ya sa ya ƙaru. Ga tiwita yawanci tafi ufa ƙara sai an rage mata da rezisto. Ga kuma wani abu da ƙananan akwatuna ke yi, bes yana zagayawa ko'ina har baya amma tsakiya da sama gaba kawai suke tafiya, sai ka ji bes ya yi ƙasa da kusan 6 dB (dB shi ne awon ƙarar sauti) in ba a gyara a kurosoba ba, sifika ta zama mai tsiwa. Shi yasa kurosobar kasuwa da aka rubuta mata "2 way" kawai bata san ufarka ba bata san akwatinka ba, sa'a ce in ta dace.

Kafasita ɗaya tak kuma tana rage bes a hankali ne, 6 dB duk lokacin da sautin ya sauka da rabi, tiwita tana shan wahala in an ƙure. Masu tsari sun fi son mai gangara sosai, 12 ko 24 dB, musamman irin wadda Siegfried Linkwitz da Russ Riley, injiniyoyin Hewlett-Packard, suka bayyana a 1976. Wurin rabawa ga ufa mai inci 6.5 da tiwita inci 1 yawanci tsakanin 2000 da 2500 Hz ne, kar a sauko kusa da Fs na tiwitar, a bar aƙalla ninki biyu. Kar kuma a hau sama da yawa don babbar takarda tana tsuke sautinta kamar tocila in an hau. Wannan ne dalilin da ufa mai inci 12 da 'yar tiwitar fizo ba zasu taɓa haɗuwa da kyau ba, akwai rami a tsakiya daidai inda muryar mutum take.

In kana so ka tsara taka da kanka sai da makirfon awo irin UMIK-1, da manhajojin REW da VituixCAD. In babu, koma amsar da na bayar ta bin tsarin wani. Wajen haɗawa kuma a yi da dalma ba murɗa waya ba, koyil biyu kar su kwanta kusa da juna ta fuska ɗaya, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, a ɗaure komai kar ya yi rawa. In kaga tsarin ya ce a juya wayar tiwita, ba kuskuren bugu bane, juya ta.

Ban samu kafasitar sifika ba, ta fanka zata yi?

Zata yi. Ta fankar sama ba ta da fas da negetib, kuma yawanci irin mai ledar nan ce da ake so. An fi samun 2.5 µF, in ka jera biyu gefe da gefe sun zama 5. Ka dai auna da mita don na kasuwa wani lokaci abin da aka rubuta daban abin da ke ciki daban. Wadda ba a so ita ce mai fas da negetib ta cikin rediyo.

Wat nawa zan nema? Wane amfilifaya?

Mutane sun maƙale wa wat. Lambar da tafi muhimmanci ita ce yawan ƙarar da sifika ke bayarwa da wat 1 a tazarar mita 1. A ce 87 dB ce. Duk ƙarin 3 dB sai ka ninka wat, kenan wat 2 ya baka 90, wat 4 93, wat 8 96, wat 16 99, kuma wannan a cikin ɗaki ya isa a buga maka ƙofa. Ana gargaɗin cewa zama awa 8 cikin 85 dB ma yana cin kunne. To amfi mai wat 30 zuwa 50 na gaskiya kowane gefe ya wadatar. Rubutun PMPO na dubbai a jikin kwali talla ce, RMS zaka duba, shi ne wat na gaskiya.

Ƙananan allunan amfi masu cif TPA3116 na Texas Instruments suna da arha kuma basa zafi, suna aiki da 12 zuwa 24 bolt, kenan ko da batirin sola zaka kunna in an ɗauke wuta, sai dai a 12 ƙarfinsu kaɗan ne. Abin da yafi kashe tiwita kuwa ba babban amfi bane, ƙaramin amfi ne da aka murɗe har ya ƙure sauti ya fara fashewa. Da ka ji ya fara tsatsa rage.

Mita ta nuna min 6 alhali an rubuta om 8, an cuce ni?

Ba a cuce ka ba, haka yake. Mita tana auna wayar koyil ce kawai, ta om 8 zata nuna wajen 5.5 zuwa 7, ta om 4 wajen 3 da ɗoriya. Abin kiyayewa kar ka jera sifiku da yawa a layi ɗaya om ya faɗi ƙasa da abin da amfin zai ɗauka.

Wayar sifika mai tsada tana gyara sauti?

Jan ƙarfe zalla mai kauri 1.5 ko 2.5 ya ishe ka a ɗaki. Ka dai kankare bakin ka gani, akwai alminiyon da aka yi wa wankan jan ƙarfe. Ragowar kuɗin ka ƙara a tiwita.

Fenti ko fomika?

Yadda kake so, kunne ba ruwansa. In MDF ne gefen da aka yanka yana shan fenti kamar ƙasa, fara shafe shi da gam da aka sirka da ruwa ya bushe ka goge. Ka yi fenti kafin ɗaura ufa. Ka sa masa ƙafafun roba saboda ruwan mofin, da murfin yadi mai shara-shara saboda ƙurar hunturu da yatsun yara, don tsakiyar tiwita kamar kiransu take yi su danna.

A ina zan ajiye su a ɗakin?

Kai da sifikun biyu ku zama kamar duwatsun murhu, tazarar dake tsakaninsu ita ce tazarar kowacce zuwa inda kake zama, tiwita daidai kunnenka, a ɗan karkato su su kalle ka. Kar a ɗora ɗaya kan firij ɗaya a ƙasa. Jikin bango yana ƙara bes, lungu ya fi ƙarawa, to ka jawo su gaba kaɗan kaɗan har ka ji gum ɗin ya tafi, mai bututu a baya kuma dole a bashi sarari. Ɗakunanmu na tayil da siminti tsirara amsa kuwwa suke, tafa hannu ka ji. Kafet a tsakaninku, labule mai kauri da kujerun kushin zasu yi maka aikin da canza amfi ba zai yi ba.

Na gama haɗawa amma bes babu, murya kuma kamar tana yawo. Me na ɓata?

Kafin ka zargi akwati duba waya, kusan kullum ita ce. Ɗaya sifikar an juya mata fas da negetib, tana turawa ɗayar na ja, suna cinye bes ɗin juna. Cire wayar daga amfi ka ɗauki batirin tocila mai 1.5, taɓa fas da jan waya negetib da baƙa na ɗan lokaci, ufar ta turo waje. Yi wa ɗayar ma, duka biyun su turo waje. Kar ka yi wannan gwajin kai tsaye a kan tiwita tsirara.

In wannan daidai ne amma murya ta yi rami kamar mai magana ta bayan ƙofa, to tiwitar ce aka juya saɓanin tsarin, buɗe ka duba. In zuzz kake ji a wani sauti ɗaya, sa manhajar sautin nan ka tsaya daidai wurin ka riƙa dafa bango da sukurori ɗaya bayan ɗaya har ya yi shiru, sau da yawa wayar ciki ce take taɓa bayan takarda, ɗaure ta da soso. In kuma gefe ɗaya yafi ɗaya ƙara, musanya wayoyin hagu da dama a bayan amfi, in matsalar ta bi waya ta koma ɗaya gefen to daga amfi ne ko abin da ka jona masa, in ta tsaya inda take sai ka kwance wannan akwatin ka bi dalmar kurosoba ɗaya bayan ɗaya da mita.